Sikandar Raza da Masu Cewa Baƙo Raɓa Ne



Yau kan wasan kurket zan yi magana, kuma na san tun kafin in yi nisa wani zai ja tsaki ya ce me ya haɗa ɗan kasuwar Gombe da wasan Turawa da Indiyawa. To a daure a bi ni zuwa ƙarshe. Akwai wani ɗan wasa mai suna Sikandar Raza, haifaffen Pakistan, wanda tun 2013 yake buga wa ƙasar Zimbabuwe wasa, har a 2023 aka ɗanƙa masa kyaftin. Duk inda aka ambaci sunansa ba a rasa mai cewa ai wannan ɗan haya ne, ba ɗan Zimbabuwe ba ne, kuɗi ne kawai ya zaunar da shi. Ni kuwa na ce wannan magana zalunci ce, kuma ta shafe mu kai tsaye, domin irinta ake faɗa a kanmu, sannan abin takaicin shi ne mu ma irinta muke faɗa wa 'ya'yanmu da bakinmu.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon yadi 22, an kafa sanduna uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana wurgo ƙwallo mai tauri yana neman ya ka da sandunan, mai bugu kuma yana tsaye da faffaɗan katako yana kare su, yana maka ƙwallon nesa don ya tara maki. Wanda aka ka da sandunansa, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ya taɓa ƙasa, ya fita ke nan, sai wani ya shigo. Wasan iri uku ne: akwai na kwana biyar, akwai na yini guda, akwai kuma gajere da ake kira T20 wanda ake gamawa cikin kamar awa uku. Yawancin 'yan wasa sana'a ɗaya suka ƙware a kai, ko jifa ko bugu. 'Yan ƙalilan ne suka haɗa biyun, su ne 'yan komai-da-ruwanka, kuma su ne masu tsada. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun san irin wannan: yaron shagon da ya iya awo, ya iya riƙe littafin bashi, kuma za a iya tura shi kasuwar ƙauye ya sayo kaya ba a cuce shi ba, maigida ba ya yarda ya rabu da shi, don aikin mutum biyu yake yi da cikin mutum ɗaya. To Raza irin wannan ne. Yana bugu, yana kuma jifan murɗe, wato wanda ake juya ƙwallon da yatsu ya sauka ƙasa ya karkace.

An haife shi ranar 24 ga Afrilu 1986 a garin Siyalkot. Tun yana yaro burinsa ya tuƙa jirgin yaƙi, har ya shiga makarantar sojan sama ta Pakistan, sai gwajin ido ya kayar da shi. A 2002 iyalinsu suka koma Zimbabuwe, inda mahaifinsa ke kasuwanci. Daga nan ya tafi birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland ya karanta ilimin manhajar kwamfuta. Mai karatu ya lura da wannan wuri da kyau. Saurayi ne da takardar digirin Turai a hannu, a daidai lokacin da kuɗin Zimbabuwe ya zama takardar tsire, 'yan asalin ƙasar da kansu suna tururuwa zuwa Afirka ta Kudu da Ingila neman abinci. Shi kuma sai ya juyo ya dawo Harare, ya shiga wasannin cikin gida yana jiran ranar da doka za ta ba shi damar sa rigar ƙasa. Wane irin ɗan haya ne wannan da yake barin inda ake biya ya tafi inda ake bin bashin albashi?

Ya fara buga wa ƙasa wasa a watan Mayun 2013 da Bangaladash. A watan Satumba na shekarar ya buga wasansa na farko na kwana biyar, kuma da Pakistan aka yi, ƙasar da aka yanke masa cibiya, ya ci maki 60. A 2015 Zimbabuwe ta zama babbar ƙasar kurket ta farko da ta yarda ta je wasa Pakistan tun bayan harin da aka kai wa 'yan wasan Siri Lanka a Lahor a 2009, Raza ya je, ya ci maki 100 a gaban mutanen ƙasar haihuwarsa. A 2017 yana cikin waɗanda suka je Siri Lanka suka cinye jerin wasannin yini guda da ci 3 da 2, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, sannan ya ci 127 a wasan kwana biyar a Kolombo.

Kada wani ya ɗauka daɗi kawai aka sha. A 2018 aka yi gasar neman shiga Kofin Duniya a cikin Zimbabuwe, aka zaɓi Raza gwarzon gasar baki ɗaya, amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta doke su da maki 3 kacal, suka rasa gurbin. A watan Yulin 2019 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta dakatar da Zimbabuwe saboda gwamnati ta tsoma baki cikin harkar wasan, aka hana su zuwa gasar neman shiga Kofin Duniya na T20 da aka yi a Daular Larabawa a watan Oktoba. Kun san wace ƙasa aka ba gurbin nasu? Nijeriya ce. Faɗuwar wani tashin wani, ko da yake namu sun je sun sha kashi a duka wasanninsu shida. A lokacin Raza yana da shekara 33, kuma ƙungiyoyi masu biyan dala a ƙasashe daban-daban sun san shi. Da ɗan haya ne, ranar zai naɗe tabarmarsa. Bai tafi ba. A Janairun 2020 ya fitar da mutum 7 na Siri Lanka a zubi ɗaya a Harare. A 2021 ciwo ya kama shi a ɓargon hannunsa na dama, hannun da yake jifa da shi, har aka ji tsoron ko daji ne, aka yi masa aiki. Da ya tashi hannun ba ya ɗaguwa kamar da, sai ya zauna ya sake koyon jifa da sabon salo yana ɗan shekara 35, shekarun da sa'o'insa ke ajiye wasa su koma koyarwa.

Bayan wannan jinya ce ma ya fi haskawa. A watan Agustan 2022 sau uku yana haura maki 100, biyu a kan Bangaladash, ɗaya a kan Indiya, ICC ta zaɓe shi gwarzon wata na duniya, karo na farko da ɗan Zimbabuwe ya samu wannan. Sai kuma ranar 27 ga Oktoban 2022 a birnin Perth na Ostireliya, a Kofin Duniya na T20, aka sake haɗa su da Pakistan. Zimbabuwe ta tara 130 kawai, abin da kowa ya ɗauka Pakistan za ta shanye kamar ruwa, kuma har sun ɗauko hanya. Aka miƙa wa Raza ƙwallo, ya fitar da Shadab Khan da Haider Ali a jifa biyu a jere, ya ƙara da Shan Masood wanda ya fi kowa tara musu maki. Zimbabuwe ta ci da maki 1 tak. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ranar da aka ajiye masa ƙasar haihuwa a hannun hagu, ƙasar zama a hannun dama, duniya na kallo, kowa ya ga wadda ya yi wa aiki.

A nan ne wasu ke juya harshe su ce to ai wannan butulci ne, mutum ya kayar da ƙasar iyayensa. Ikon Allah! In ya yi sanyi a ce ga shi nan, dama zuciyarsa na can gida. In ya dage a ce ya ci amanar asalinsa. Wato dai baƙo ba shi da ranar da zai yi daidai. Raza bai taɓa ɓoye asalinsa ba, bai canza suna ba, bai bar addininsa ba, kuma mutanen Pakistan ba su ɗauke shi maƙiyi ba. Shaida ita ce a watan Mayun 2025, yana gama wasan kwana-kwana da Ingila a birnin Nottingham ya kama hanya, ya sauka Lahor ana dab da fara wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin Pakistan, shi ya buga ƙwallon da ya ba Lahore Qalandars kofi, jama'a suka ɗaga shi sama. Mutum na iya girmama inda aka haife shi ya kuma riƙe amanar inda yake ci yake sha. Ɗaya ba ya korar ɗaya.

Wasu kuma su ce ai ya tare wa ɗan ƙasa gurbi ne. To a kawo ɗan ƙasar da ya fi shi a ajiye. A Yunin 2023 ya ci maki 102 da ƙwallo 54 a kan Holan, bayan ya fitar musu da mutum 4 a wasan. A Nuwamban shekarar, a birnin Windhoek na Namibiya, ya fitar da 'yan Ruwanda uku a jifa uku a jere. A Oktoban 2024 a Nairobi ya ci 133 da ƙwallo 43 a kan Gambiya, ranar da Zimbabuwe ta tara 344, adadin da babu ƙasar da ta taɓa kaiwa a T20 na maza kafin wannan rana. A Satumban 2025, yana ɗan shekara 39, ICC ta sa shi na ɗaya a duniya cikin masu haɗa jifa da bugu a wasan yini guda. Allon maki ba ya tambayar kabarin kakan kowa. Kuma don kada a ce na rufe ido, a ƙarƙashin jagorancinsa ne Namibiya da Yuganda suka doke Zimbabuwe a waccan gasa ta Windhoek, ta rasa Kofin Duniya na 2024, abin kunya ƙwarai ga ƙasa mai tarihi a wasan. An zage shi, kuma duk kyaftin ɗin da ya yi haka ya cancanci suka. Amma ya tsaya ya sha zagin tare da sauran, har a Oktoban 2025 suka samu gurbin gasar 2026 a Harare. Wanda ya zauna aka yi asara da shi ya fi cancanta a kira shi ɗan gida fiye da wanda sai ranar rabon riba ake ganinsa.

Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne yadda aka yi har ya samu damar. Zimbabuwe fa ba ƙasa ce mai sanyi kan maganar ɗan ƙasa da baƙo ba. Nan ne aka ƙwace gonakin Turawa tun daga 2000, nan ne a 2008 aka kafa dokar da ta ce kashi 51 cikin 100 na manyan kamfanoni sai ya kasance a hannun 'yan asalin ƙasa. Duk da haka Raza ya sa rigar ƙasa, domin a kurket akwai doka rubutacciya wadda kowa ya sani. A ƙa'idar ICC mutum na iya buga wa ƙasa wasa idan a can aka haife shi, ko yana riƙe da fasfonta, ko ya zauna cikinta shekara uku. Hanya ce mai farko da ƙarshe. Ka cika sharaɗi, ka shiga, sauran kuma aikin hannunka ne.

Yanzu a dawo gida. Yaron da aka haifa a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana, ubansa ma nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano ko Katsina ko Haɗeja zamanin cinikin auduga, wace hanya ce doka ta shimfiɗa masa da zai bi ya zama ɗan jiha? Babu. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa, amma shi kundin ne dai a sashe na 147 ya ce ministan da za a ɗauko daga kowace jiha sai ya kasance ɗan asalinta, kuma bai ajiye wata ƙofa da mazauni zai shiga ba ko da ya shekara ɗari. Daga nan aka samu takardar indijin, wadda ake nema wajen tallafin karatu, da shiga aikin gwamnati, da aikin soja da ɗan sanda. Sai ka ga an tura yaro ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana cikinta ba, ya je yana kwatancen gidan kakansa ga mutanen da ba su san shi ba. Can a ce masa ɗan Gombe, nan a ce masa Bakano. Tun 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wannan matsala a Filato da Kaduna da Kano da Delta. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba mutum matsayin ɗan jiha ta hanyar haihuwa, ko aure, ko zaman shekara 10, aka yi masa ca, ya janye. Wato wasan sanda da ƙwallo ya warware abin da majalisar ƙasa ta kasa.

A lura na ce Kano na cikin rahoton nan. Mu da muke kuka a nan, a garuruwan da iyayenmu suka fito haka ake yi wa wanda aka haifa a Sabon Gari. Duk wanda ke son a ba ɗansa haƙƙi a Gombe amma ba ya son a ba ɗan Inyamuri ko Bayarabe irinsa a Kano, to ba adalci yake nema ba, rabonsa kawai yake nema. Kuma ba maganar sarauta nake yi ba. Gadon Bubayero na masu shi ne, ba wanda ya isa ya yi musu shisshigi, kuma gaskiya Gombawa sun riƙe mu da mutuncin da ba ko'ina ake samunsa ba. Maganar gurbin makaranta nake yi, da aiki, da damar yaro ya wakilci jihar da ya buɗe ido ya gani.

Abin mamakin shi ne a fagen wasa mu ma mun san gaskiya. Ranar da Gombe United ke wasa a filin Pantami, wa ya taɓa tsayar da ɗan wasa a bakin ƙofa ya ce ya nuna indijin kafin ya ci mana ƙwallo? Ahmed Musa a Jos aka haife shi, mahaifiyarsa 'yar Edo ce, amma Kanawa sun rungume shi tun yana Kano Pillars, da ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ba wanda ya tambayi ƙaramar hukumarsa. Kurket ɗin ma ba baƙo ba ne a Arewa. A Kwalejin Katsina an buga shi, Sardauna Ahmadu Bello ya buga, har yau kuma Kaduna na cikin cibiyoyinsa. Matasanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je Kofin Duniya a Afirka ta Kudu a 2020 ƙarƙashin Sylvester Okpe, shi ma mai haɗa jifa da bugu. Peter Aho ya fitar da mutum 6 na Saliyo ya ba da maki 5 kacal a 2021, bajintar da a lokacin babu irinta a duniya a T20 na maza tsakanin ƙasashe. 'Yan matanmu sun doke Niyu Zilan a Maleshiya a Janairun 2025. Idan za mu iya yi wa waɗannan tafi ba tare da binciken asalinsu ba, me ya sa hankalin ke gushewa da zarar an zo rabon gurbin karatu?

To amma fa kashi mafi nauyi na wannan magana namu ne, iyayena da yayyena. Mu ne muke rainon yara da cewa nan wurin neman kuɗi ne, gida yana can. Mutum ya shekara 40 a Tudun Hatsi, a nan ya yi aure, a nan ya aurar, a nan aka binne iyayensa, amma har gobe in an kira taron unguwa kan makaranta ko magudanar ruwa sai ya ce ba ruwansa, shi baƙo ne. Ya gina gida a garin da yake zuwa sau ɗaya a shekara, ƙadangaru na kwana a ciki, 'ya'yansa na nan a gidan haya. In yaro ya nuna hazaƙa a wasa ko karatu a ce ya bar wahalar da kansa, ba za a ba shi komai ba a garin mutane, ya zo ya zauna a shago. Mu muka fara kiran kanmu raɓa, sannan mu ji haushi in wani ya ce rana ta fito. Gombe ɗin nan da muke ciki sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta wurin da take yanzu, jihar kuma a 1996 aka ƙirƙire ta. Gari ne da ya girma da zuwan mutane, da auduga, da jirgin ƙasa, da kasuwa, kuma guminmu na cikin tubalinsa. Wanda bai ɗauki kansa ɗan gari ba, da wane baki zai nemi a ɗauke shi?

Shekara 11 ne tsakanin saukar Raza a Zimbabuwe da ranar da ya fara sa rigarta, kuma da ya sa bai riƙe ta da yatsa biyu ba. Abin da nake roƙo ke nan. Mu yi rajistar zaɓe a nan, mu biya haraji mu adana rasit, mu halarci taron iyaye da malamai, mu bar yaro ya buga wa makarantarsa da jiharsa wasa in yana da baiwar. Duk ɗan takarar majalisar da ya shigo kasuwa neman ƙuri'a, kafin a karɓi atamfa da sabulu a tambaye shi matsayinsa kan ba mazauni haƙƙi bayan shekaru sanannu, a Gombe da Kano da Jos da Inugu baki ɗaya. In kuma aka tambayi ɗanka daga ina yake, ka koya masa ya ce shi ɗan Gombe ne, kakanninsa Kanawa, ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Wanda yake ganin ba haka ba ne, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa mu tattauna cikin mutunci. Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya yi wa kasuwa albarka, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalam. Naku, daga Gombe.